Wandon da Kwamfuta ta Auna

A duk faɗin Sakkwato babu tumbin da ya taɓa bin dokar ilimi kamar na Dakta Aƙilu, malamin ƙididdiga. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma yana da zane.

Tun da aka sa ranar auren 'yarsa Bahijja ya ƙudura zai rame. Kowace safiya ya auna ƙugunsa, ya zuba wa kwamfuta, ta fito da ɗigo. Manhajar tana ratsa ɗigogin da lanƙwasasshen layi, mai ita kuma shi ke zaɓar yawan santsinsa. Da ya rage santsi, layin ya bi kowane ɗigo, ya yi tsalle duk ranar Juma'a, ranar da yake biyawa rumfar ƙanensa Sirajo mai balangu a Ƙofar Atiku. Bai ji daɗin wannan ba. Ya yi ta ƙara santsi har Juma'o'in suka ɓace, ramar da ya yi da azumi ta ja layin ƙasa.

"Dakta, ina tsaunukan nan na jiya?" in ji matarsa Kulu.

"Hayaniya ce. Ilimi ya share ta."

"To, ilimin ya biya ta wajen tumbin?"

Mazan gidan za su sa anko, farar shadda iri ɗaya. Dakta ya hana tela ya auna shi. Ya karanta masa inda layin zai kai ranar ɗaurin aure, tela ya ɗinka.

Ranar auren da safe gida ya cika, ana ta guɗa, ƙanshin masa ya kai bakin titi. A ɗaki kuwa wandon Dakta ya hau zuwa cinya ya tsaya. Rigar ta shiga, amma hannu ya ƙi sauka.

Kulu ta leƙa, ta fita. Ta sami Sirajo a zaure, ya cika tasa shaddar fam, yana gyara hula.

"Mijina ƙarami, zo ka ji."

"Mi na yi kuma?"

"Balangun wa ya ci?"

Uban amarya ya fito cikin shadda mai walwala, aka ɗaura aure, aka yi fatiha, aka yi ta hoto. Bahijja ta ga hoton a waya ta ce Baba ya fi ango kyau. Dakta ya riƙa jan ƙugun wandon yana nuna wa abokan aikinsa.

"Kun gani? Har da saura. Layin ma bai faɗi rabin ramar ba."

Suka taya shi murna. Wani ya nemi a koya masa.

A ƙuryar ɗaki Sirajo na zaune da singileti da zanen Kulu, shaddarsa tana jikin Dakta, yana jin sanƙira na kiran sunansa a waje. Ya jawo kwanon masa, ya tura ƙofa da ƙafa.