Ranar da Dogo Ya Shiga da Sunan Manaja

Dogo mai zanen gine-gine ne a wani ƙaramin kamfani, mutum mara hayaniya, ko kujerarsa aka ɗauke sai ya ƙarasa aikin a tsaye. Wata safiya ya buƙaci taswirar wani fili da ke cikin foldar manya, a kan babbar kwamfutar ofis. Da sunansa foldar ba ta buɗuwa. Manaja yana saurin fita duba gini, sai ya raɗa masa kalmar sirrinsa a kunne, ya wuce.

Dogo ya buga. Kwamfuta ta ce mutum ɗaya ba ya shiga da suna biyu.

Mai gyaran kwamfuta ya leƙo yana tauna biro. "Ai sai ka cire Dogo gaba ɗaya tukuna, sannan ka shiga a matsayin Manaja."

"In na cire Dogo, ina zai tafi?"

"Wannan kuma ba sashena ba ne."

Aka cire Dogo. Folda ta buɗe, sunan Manaja ya hau saman allo. Sakatariya ce ta fara gani, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ashe ka dawo?"

"Haba Anti, ni ne fa!"

"Ni abin da allo ya ce nake bi."

Kafin ya ankara an kwashe shi da kwamfutarsa zuwa ofis mai sanyi. Direba ya shigo neman hutu, akawu ma haka. Dogo bai iya cewa a'a ba, ya ba duk wanda ya nema hutu, gumi na keto masa.

Da Manaja ya dawo, ya gwada shiga a wata kwamfuta, ta ce ana amfani da sunansa. Ya nufi ofishinsa, sakatariya ta tare ƙofa. "Manaja yana ciki. Wa za a ce?"

Manaja ya juya. Can ya karɓi kalmar sirrin Dogo, ya ja kujera a teburin zane, ya naɗe hannun riga. Ashe zane ya karanta, rabonsa da shi tun yana saurayi. Har waƙa ya riƙa yi a ƙasa-ƙasa.

Dogo ya fito kamar zai yi kuka. "Oga, don Allah ka karɓi sunanka. Waya ta hana ni shan ruwa."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji Manaja, ko ɗagowa bai yi ba. "Sai na gama wannan matakalar bene."

Matakalar ta ci mako guda. Ranar da suka musanya, kowa ya koma sunansa, Manaja ya tarar rabin ma'aikata suna hutu, da izininsa. Dogo kuma ya tarar da zanen bene mai kyan gaske, matakalarsa ta hau ta ƙare a jikin bango. Ya goge bangon a hankali, ya zana ƙofa a wurin, bai gaya wa kowa ba.