Ungozoman Awaki

"Riƙe mata haɓa, ba ƙaho ba!" in ji maƙwabcina daga kan benci.

Likitar dabbobi na laluben jijiya a wuyan akuyata, ni kuwa ina ta kokawa da ƙaho. Mutumin da ke kayar da bunsuru da hannu ɗaya, ranar nan ko miƙewa ya kasa, sai baki.

Ungozoma muke ce masa duk layinmu. Namiji ne da furfurarsa, amma in akuya ta fara naƙuda ɗa ya zo a karkace, shi ake ƙwala wa kira ta katanga. Ya zura hannu haka nan ba safa, ya juya ɗan, ya jawo. In ya fito ba numfashi, ya share masa hanci da yatsa, ya sa baki ya hura. Na sha ce masa, "Haba Baba, ƙazantar nan fa?" Sai ya ce, "Ke je ki kan keken ɗinkinki."

Wata bakwai kafin zuwan likitar, akuyata ta yi ɓarin 'ya'ya biyu. Ni na kira shi. Shi ya kwashe su har mahaifar, ya share turken, ƙura na tashi yana atishawa yana tsokanata. Bayan mako biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka yi ta ɗura masa maganin zazzaɓin sauro, ya lafa, ya dawo, ya lafa. Dama zuciyarsa ba ƙalau take ba tun da. Sai daga baya asibiti suka ce zazzaɓin Q ne, daga dabbobi ake ɗauka, kuma ya sauka a zuciyar. Ciwon da ko suna bai samu ba, sai harafi ɗaya tal!

Shi ya sa aka turo likitar. Da ta dawo da sakamako, gida goma sha ɗaya ta gwada, bakwai an samu.

"Amma ai akuyata lafiyarta lau," na ce. "Dubi yadda take ci."

"Haka suke," ta ce. "Tana ci tana sha, ba za ki gane ba. Wajen haihuwa ne ciwon ya fi fita."

Tawa na ciki. Awakinsa tara kuwa, ko ɗaya ba ta da shi.

Na shiga duba shi da yamma. Fanka na juyawa, kwalaben magani jere a kan taga, ƙafafunsa sun kumbura an ɗora su kan matashi.

"Tela, me takardarki ta ce?"

"Ba ta fito ba tukuna, Baba."

Ya dube ni ya ɗan jima. "To. Kar dai ki bar akuyar tana kwana kan danshi."

Ranar Talata da hantsi ya cika, matarsa na goge masa fuska da tsumma.

Kwana takwas ina kewaye ƙofar gidan. In na hango Inna, matar tasa, sai in sunkuyar da kai kamar ina neman allura. Matar da ta yi min wankan jego, ta goya 'ya'yana! Na san in na faɗa mata, wataƙila shi ke nan tsakaninmu. In kuma na yi shiru, ba zan ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Rana ta tara na same ta a tsakar gida tana tara ruwa a bokiti. Na durƙusa.

"Inna, tawa ce. Akuyata na da shi. Ni na kira shi ranar da ta yi ɓari."

Ta kashe famfo. Ba ta ko juyo ba.

"Ke ce ta biyar," ta ce. "Jiya mai gyaran keke ya zo, ƙato da shi yana kuka. Kowa akuyarsa ce."

Na ɗago kai na dube ta.

"Ke kuwa marigayi ya bar miki saƙo. Ya ce in kin zo in gaya miki ba ki iya ƙarya ba, ki daina." Ta share hanci da bakin zane. "Tashi ki kama min, bayana ciwo yake."

Na kama hannun bokitin ta ɗaya gefen. Muka kai shi turke muna tangaɗi, ruwa na zuba mana a ƙafa. Awakin suka taso suka zuba kai a ciki, muka tsaya muna kallo har suka ƙoshi.