Tsagar da Ke Bayan Kabad

"Ku janye kabad ɗin nan," in ji Baba Direba daga kan gadonsa.

Injiniyan da ke ƙwanƙwasa bango da 'yar guduma ya dakata. Babban ɗan Baba, wanda da safen nan na ji shi ta katanga yana tura kabad ɗin yana nishi, ya kama tarin da babu shi.

"Baba, ai nan ba komai."

"To in ba komai, janye mana."

Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya muka haɗa tun ina amarya, kuma ruwan zafi kawai na kawo wa Baba. Amma wa zai fita a irin wannan lokaci? Na ajiye filas na gyara tsayuwa.

Ciwo ya ci ƙarfin Baba, 'ya'yansa suka sa gidan a kasuwa don ya koma wajensu. Masu so biyu ne. Akwai wani mai shaguna da ya ce ba ruwansa da duba gini, tunda rushewa zai yi. Akwai kuma wata nas da mijinta malamin makaranta, masu neman wurin zama, su ne suka ɗauko injiniya ya duba musu tun daga harsashi har rufi kafin su saya. Baba ya sha gaya mini shi dai kada a rushe gidan da matarsa ta raini yara a ciki.

Aka janye kabad. Ga tsaga nan daga ƙasan taga har daɓe, yatsa zai shiga. Fuskar nas ɗin ta canza. Ni kuwa haushin Baba ya kama ni, don da hannunsa yake miƙa wa mai shaguna gidan.

"Sai na haƙa gefen harsashi na gani," in ji injiniya. "In ƙasa ce ke zama, ba zan ba ku shawarar saye ba."

Da suka tafi na ce, "Baba, kai ma dai! Da ka yi shiru."

"'Yar nan, ba ki ga nas ɗin ciki gare ta ba? A ɗakin nan za ta kwantar da jariri."

Kwanakin da suka biyo baya jikinsa ya ƙara tsanani. Abinci sai an yi da gaske. Amma ko mota ce ta tsaya a layi sai ya ɗaga kai ya ce, "Mai gudumar ne?" Na tausaya masa ƙwarai, na kuma ji tsoron kada amsar ta zo ta tarar ba ya nan.

Ranar da injiniya ya dawo, rami aka haƙa a jikin bangon ta waje. Ya daɗe a ciki yana tono, ya fito wandonsa duk laka. Wani tsohon bututu ne ya ruɓe yake jiƙa ƙasar wurin. Harsashin kuwa lafiyarsa lau. A canza bututu, a cike, a ɗinke tsagar, shi ke nan.

Nas ɗin ce ta shiga ta durƙusa bakin gado.

"Baba, za mu saya."

Ya daɗe yana kallonta. "Ba za ku rushe ba?"

"Mu da ko fenti sai mun yi shawara?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta tallafo kansa ta ba shi ruwa.

Ɗansa da kansa ya nemo magini, ya ce ba zai miƙa gidan da tsaga ba. Aka mayar da gadon Baba falo, ya ce a bar ƙofa a buɗe yana so ya ji aikin. Da hantsi, magini na kwaɓa siminti a tsakar gida, na shiga na tarar ɗan yana riƙe da hannun uban, yana kiran "Baba" a hankali. Baba bai amsa ba.

Da magini ya ji salatina sai ya jingine shebur, ya tsaya bakin ƙofa ya rasa abin yi. Ɗan ya share fuska da hannun riga, ya leƙa tsakar gida, ya ga kwaɓin ya fara shan iska.

"Malam, ci gaba," ya ce. "Kada ya bushe."

Na zauna kusa da Baba na ja masa mayafi. Daga ɗaya ɗakin muna jin cokalin magini yana bin bango.