Waken Goggon Sama

Ranar da mai gidan haya ya sa aka shimfiɗa faifan sola a rufin benen, tukwanen shukar Goggo aka fara saukowa da su. Ma'aikata suka jibge su a gindin matakala kamar kayan wanda aka kora, ƙasa na zuba, busassun ganye na karyewa. Goggo ta dogara sandarta tana kallo. Me za ta ce? Rufin ba nata ba ne, gwiwoyin da take hawa da su ma sun daɗe da yi mata tawaye.

Goggon Sama ake ce mata a layin, domin tun zuwanta birni tana amarya can sama ake hango ta, a sunkuye cikin tsofaffin bokitai da tayoyin mota tana shuka wake. Ba kuwa kowane wake ba. Ja ne mai ɗigon fari a gefe, ruwa kaɗan ya ishe shi, yakan nuna tun sauran amfanin gona bai yi fure ba. Mahaifiyarta ce ta ƙulle mata shi a bakin zane ranar da za ta bar ƙauyensu. Ƙauyen nan yanzu yana ƙarƙashin ruwan dam, da gonakinsa da rumbunansa da kaburburansa. Ta zaga kasuwanni iya zagawa, ta tambayi 'yan garinsu da suka watsu uwa duniya, ba wanda ya riƙe irin. A hannunta kaɗai ya saura, cikin wata jarkar roba da a da ta man girki ce.

Shi kuwa iri ba ya zaman jiran mutum. Bara zafi ya ƙone shukar tun tana jaririya, bana ga shi babu rufi. Goggo ta san in ya ƙara shekara a jarkar nan ya mutu ke nan, ko an shuka ba zai fito ba. Wannan tsoro ne ya sa abinci ya fita ranta.

'Yarta Auta, wadda ke girki a ɗakin cin abincin wata ma'aikata, ita ta zo da labarin bikin. Bikin Tattali suke ce masa, 'yan unguwa ke shirya shi duk shekara a filin makaranta, don a koya wa mutane rage ɓarna.

"Inna, ki fito ki sha iska mana. Ana gyara fanka da rediyo kyauta, ana musayar tufafi. Ni ma aka ba wa tukunya bana."

"Fankata lafiyarta ƙalau. Ni ce ke son gyara, su kuma ba su da kayan aikina."

"Har da teburin musayar iri. Manoma na zuwa daga bayan gari."

Goggo ta ɗago kai. "Manoma masu gona? Gona ta ƙasa, ba ta bokiti ba?"

"Haka aka ce."

"To zan kai wakena."

Auta ta ce to, idonta na kan waya. Ba za a ga laifinta sosai ba. Tun Auta na ƙarama Goggo ta daina dafa waken, don abin da bokitai ke bayarwa bai wuce na iri ba. Abin da Auta ta sani game da shi bai wuce jarkar da ke bayan ƙofa ba, wadda aka hana kowa taɓawa.

Ran bikin Auta ta yi sammako ta tafi wajen girki. Goggo ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta rungumi jarkar da hannu ɗaya, ɗayan na kan sanda. Ba ta rage ko ƙwaya a gida ba. Ta rage wa wa? Da sauƙi a ce ya shiga hannu goma, ko uku suka kula da shi ai ya tsira.

Kafin ta isa ƙofar makarantar ta jiƙe sharkaf da gumi. A nan ta tarar da mai kemis ɗin layinsu, shugaban kwamitin bikin, cikin koriyar riga da ta ɗame masa tumbi. A gefensa ga tulin gorunan ruwa da ledoji da aka karɓe daga hannun mutane.

"A'a, Goggon Sama da kanta! Yau an sauko ƙasa ke nan? Sannu da zuwa. Sai dai fa, Goggo, roba ba ta shiga."

"Ɗan nan, iri ne a ciki."

"Ko zinariya ce, doka ce. In na ɗaga miki, na ɗaga wa kowa. Ga jaka, matan unguwa suka ɗinka da tsofaffin labule, ta ma fi kyau."

Kafin ta buɗe baki ya kwance murfin ya tuttule waken a jakar, ya bubbuga gindin jarkar, ya cilla ta kan tulin. Goggo ta ji kamar ita aka cilla. Ta miƙa hannu za ta karɓi jakar, sai jiri ya kwashe ta, da kyar ta dafa ƙofar. Mai kemis ya tare ta, ya kai ta ƙarƙashin rumfa, ya zaunar da ita a kan benci, ya sa aka kawo mata ruwa a kofin silba.

"Zauna ki huta. Musayar iri sai bayan an ci abinci. Ni da kaina zan kai miki shi teburin."

"Teburin iri fa, ɗan nan."

"Haba Goggo, kamar ba ni ba?"

Ta bi shi da ido har ya shige cikin jama'a. A daidai nan lasifika ta hau ƙara kamar ana yanka ta, aka shiga ƙwala masa kira ta ko'ina.

Goggo ta zauna tana kallon biki, kuma gaskiya ya ba ta sha'awa. Wani dattijo mai gyaran takalma na koya wa 'yan mata riƙe basilla. Wata mata ta fita da dutsen guga da aka tayar mata daga mutuwa tana ta washe baki. Ana ta ɗaga riguna ana gwadawa, ana dariyar wanda wandon bai wuce masa gwiwa ba. Kowa kuwa da jakar labule a kafaɗa, masu furanni iri ɗaya sak. Goggo ta shiga tsara abin da za ta faɗa wa wanda zai karɓi irin: kada a cika masa ruwa, kada a nitsa shi da zurfi, a bar kwanson ya bushe a jikin uwarsa. Har ta kama kanta tana murmushi.

Da rana ta take, ta kasa haƙuri. Ta lallaba zuwa teburin iri. Ga ƙananan ƙunshin takarda na tumatir da alayyafo da kabewa, ga wasu 'yan jakunkuna. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Masara. Gyaɗa. Wata ma tsakuwa ce aka danne takardu da ita. Matar da ke tsaron teburin ta ce ba wanda ya kawo jan wake.

Goggo ta saki jakar da ke hannunta. Tana juyawa neman mai kemis, iska ta kaɗo daga bayan ajujuwa, inda ake girki. Wani ƙamshi ya daki hancinta, ƙamshin da rabonta da shi tun mijinta na raye. Ta san shi kamar yadda ta san muryar mahaifiyarta.

Yadda ta kai wajen da gwiwoyin nan, ita ma ba ta sani ba. Manyan tukwane na kan wuta, mata na ta kaiwa da komowa. Kusa da su ga dogon tebur inda ake ajiye gudunmawar kayan abinci, jakunkunan labule a yashe a kai, duk an zazzage su. Auta na tsaye da ludayi a kan wata matsakaiciyar tukunya, fuskarta na sheƙi.

"Inna, kin zo a daidai! Zo ki ga wani wake da wani bawan Allah ya kawo. Na ga kalarsa daban, na ce a ware masa tukunya. Wallahi tafasa biyu ya nuna luguf, ban taɓa ganin irinsa ba."

Goggo ta leƙa tukunyar. Jan ya koma ruwan ƙasa, fatun sun tsattsage, amma ga ɗigon farin nan yana juyawa cikin tafasa.

"Ba ki taɓa ganin irinsa ba," in ji Goggo. "Ba kuma za ki ƙara ba."

Ludayin ya tsaya a hannun Auta. Ta dubi tukunyar, ta dubi mahaifiyarta. "Innalillahi... Inna, naki ai a jarka yake!"

"Roba ba ta shiga."

Mai kemis ya iso a guje yana haki, wayar lasifika a hannu. Ya dafa kai da hannu biyu. Wallahi tallahi ajiyewa ya yi na ɗan lokaci, ya ce, aka kira shi, jakunkunan kuma duk iri ɗaya ne. Goggo ko kallonsa ba ta yi ba. Haushi ma ya ƙi zuwa, sai ta juya ga masu girkin.

"Da kuka tsince shi, ina kuka zuba tsintar? Ina kuka zubar da ruwan wankin?"

Aka nuna mata ramin takin da kwamiti ya haƙa, inda ake zuba ɓawo da duk wani tarkacen girki. Goggo ta yar da sanda ta durƙusa a bakinsa da zanenta na fita, ta cusa hannu cikin ɓawon albasa da na kabewa da ƙwan da aka fasa. Auta ta durƙusa kusa da ita tana kuka, tana tonawa. Suka sami 'yan ƙwayoyi, waɗanda suka taso saman ruwa aka kwashe. Goggo ta matsa ɗaya tsakanin yatsunta, ta ruguje, gari ne kawai da ƙwaro ya bari. Ta matsa ta biyu. Ta matsa ta ƙarshe.

"Inna, ba ki rage ko kaɗan a gida ba? Ko a ƙasan bokitan nan?"

Goggo ta girgiza kai.

"Zan nemo miki. Zan zaga kasuwa."

"Zaga, Auta. Ni ma na zaga."

Aka ɗaga ta, aka wanke mata hannu, aka mayar da ita bencinta. Lasifika ta dawo da ƙarfinta, ana kiran jama'a su jeru da kwanukansu. Goggo na zaune tana kallon yadda ake rububin ƙaramar tukunyar, ana suɗe yatsa, ana tambayar ko da ƙari. Wata ta ajiye mata nata kwanon a gefe. Ba ta taɓa ba.

Can sai ga wata mata ta nufo ta, ƙaƙƙarfa, rana ta dafa mata fuska, faratanta cike da ƙasa. Ta rusuna ta gaishe ta, tana goge baki da bayan hannu.

"Baba, an ce waken nan daga wajenki ya fito. Ni manomiya ce, gonata na bayan gari, tudu ce, ruwa ba ya zama. Shekara da shekaru ina neman irin da zai jure mata. Don Allah ki taimaka mini da iri, ko cikin tafin hannu ne. Na yi miki alkawari ba zan bari ya ɓata ba, in ya yi albarka har maƙwabta zan raba wa."

Goggo ta daɗe tana kallon hannuwan matar, masu kaushi, masu faɗi. Irin hannuwan da ta yi ta roƙon Allah ya haɗa ta da su ke nan.

"Ya yi miki daɗi?"

"Wallahi har kwano biyu na ci."

Goggo ta jawo kwanon da ke gefenta, ta tura mata.

"To haɗa da wannan, 'yar nan," ta ce. "Shi ke nan abin da ya rage."