Ranar da Lubinda Ya Karɓi Filafili

Shekara biyu ke nan da idanun Lubinda suka mutu. Tun daga nan duniyarsa ta tsaya tsakanin ɗakinsa da gindin mangwaron tsakar gida, shi da a da kaf garinmu Mongu ba wanda ya fi shi sanin ruwa. Mu huɗu muka taso tare: ni, da shi, da Kalaluka tela, da Mundia wanda tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Da ambaliyar bana ta cika fadama, Kalaluka ya ce mu ari kwalekwale mu fita da shi, ko na yini guda ne.

Da hantsi muka bar gaɓa, muka kama tsohuwar hanyar ruwan nan da kakanni suka haƙa da hannu. Ni a gaba, Kalaluka a baya, kowa tsaye da filafilinsa. Mundia ya baje a tsakiya, rungume da tukunyar tuwon masara da gasasshen kifin karfasa.

"Kai Mundia, gusa dama," in ji Lubinda. "Ka karkatar mana da jirgi."

"Makaho da sa ido! Yau na ga sabon salo."

"Nauyinka ai ba sai da ido ba."

Ruwan garai-garai yake. Kana hango ciyawa a ƙasa tana kwanciya gefe ɗaya kamar gashin da aka taje. Furannin bado sun buɗe, fari da shuɗi, wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyensu. Lubinda ya saki hannunsa cikin ruwa.

Da rana ta take muka ɗaure jirgin a jikin ciyawar iwa, muka ci tuwo, muka kora da nono mai tsami. Iska ta kwanta. Na ce bari in ɗan kishingiɗa.

Da na buɗe ido, babu iwa, babu bakin hanya. Igiyar ta kwance, ruwa ya janye mu zuwa tsakiyar fadama. Sama da ƙasa sun zama abu ɗaya. Gajimare a bisanmu, gajimare a ƙarƙashinmu, jirgin kamar an rataye shi a tsakani. Can nesa wasu zalɓe suna tafe, ban iya rarrabe ko tashi suke ko iyo ba. Na daɗe ina kallo kafin tsoro ya zo mini.

Na ta da sauran. Mundia ya dafe kai. "Mun shiga uku! Ina Mongu ta yi?"

Lubinda yana zaune yadda muka bar shi, yana murmushi.

"Idona biyu lokacin da igiyar ta kwance," ya ce. Ya yi dariya. "To, kun dai gane."

"Shi ne ba ka tashe mu ba?" in ji Kalaluka.

"Shekara biyu kowa jan hannuna yake, taka nan, kauce can. Yau na samu mai tafiya da ni bai ce mini komai ba. Sai in tashe ku?"

Ya miƙo mini hannu. "Sitwala, ba ni filafilin."

Na ba shi. Ya miƙe a hankali, ya ware ƙafafu, jirgin ya yi rawa ya natsu. Ya ce tun ɗazu rana na dukan kuncinsa na hagu, ruwan kuma ya fi sanyi ta inda hanya take, don can ya fi zurfi. Ya sa muka yi tsit. Da farko ban ji komai ba. Can sai ga shi, siriri: sautin taɓarya daga wani tudu.

"Ta can," ya ce.

Ya tuƙa. Ban taɓa mantawa da yadda yake tuƙi ba, amma na manta yadda ruwa ke yi masa biyayya. Filafilin na shiga ba ƙara, yana fita da ɗigo kamar duwatsun wuya. Kalaluka ya daidaita nasa da shi. Muka ratsa ciyawa mai tsawo tana shafar fuskokinmu, muka wuce wata bukka da ruwa ya ci rabinta, kaza ɗaya tsaye a kan jinka. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga iwa jere hagu da dama, mun dawo kan hanya.

Mundia ya share ido, ya ce hayaƙin kifi ne, alhali ba wuta a jirgin.

Washegari na leƙa gidan Lubinda. Na same shi kwance rigingine a tabarma, kafaɗunsa sun ƙi ɗaguwa. Na buɗe baki zan gaishe shi, ya ɗaga yatsa.

"Zauna a hankali, Sitwala," ya ce. "Har yanzu ƙasar nan lilo take yi da ni, ba na so ta daina."