Ranar da Mandira Ta Kashe Kawunta

Mandira 'yar ƙanwar maigidana ce, a hannunmu ta tashi a nan Indore ta ƙasar Indiya tun rasuwar uwarta. Shekara da shekaru tana da shafi a intanet, kuma ba abin da take zubawa a ciki sai asirin gidanmu. Munsharin kawunta, lemar da yake yawo da ita rani da damina, jalebin da yake ci a ɓoye bayan likita ya hana shi zaƙi, duk duniya ta sani. Ni dai na yi faɗa har na gaji, na zuba ido.

Kwatsam sai yarinya ta ce ta koma rubuta ƙagaggen labari. Da littafin ya kusa fitowa, ta ɗauki babi guda ta sa a shafin don ta kwaɗaita wa jama'a. Babin kuwa na mutuwar wani kawu ne mai lema da son zaƙi, kuma sakaryar ba ta ko rubuta a sama cewa ƙirƙira ce ba.

Washegari da hantsi ina soya albasar poha, shinkafar karin kumallonmu, aka buga ƙofa. Ina buɗewa sai ga mutanen unguwa cikin fararen kayan makoki, kowa na share ido. Tsoho Tribhuwan, maƙwabcinmu da suka daɗe ba sa ga-maciji da maigidan a kan wurin ajiye babur, ya wuce kai tsaye ya rataya wa hoton maigidan na bango sarƙar furanni, yadda muke yi wa mamaci. Hoton mai rai fa! Ashe sun karanta babin, sun ɗauka da gaske ya rasu.

Shi kuwa mamacin yana banɗaki. Ya saurari yabon da Tribhuwan ke yi masa har ƙarshe, sannan ya fito da tawul a wuya. Aka yi ihu, aka yi dariya, aka cinye mini poha tas aka watse.

Shi dai bai yi dariya ba. Ya ce yarinyar da ya goya ta kashe shi a bainar jama'a, don haka ba zai taka wurin ƙaddamar da littafin ba. Alhali tun farko Mandira ta ce shi zai kwance zaren da aka ɗaure kwafin farko da shi, ba ta da wani uba sai shi. Ta zo ta sunkuya za ta taɓa ƙafafunsa, gaisuwar girmamawa a al'adarmu, ya janye su. Ta fita tana kuka, abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na tambaye shi ko ya ma karanta babin. Ashe bai karanta ba. Na dangwara masa waya da tabarau, na ce ba shayi sai ya kai ƙarshe. A babin, yarinyar labarin tana tuna yadda kawunta ya koyi kitso saboda ita, yana yi mata shi a karkace kullum safiya, ita kuma ba ta taɓa warwarewa ba duk tsiyar 'yan aji. Ya gama, ya fyace hanci, ya ce yajin albasata ne.

Ranar ƙaddamarwa na tafi ni kaɗai. Kantin littattafan ya cika, kujerar kawun ba kowa, Mandira sai leƙen ƙofa take yi. Can sai ga shi da lemarsa, Tribhuwan na biye da shi, maigidan ya rataya furannin hoton nan a wuya duk sun yi yaushi. Ya gaida jama'a, ya ce shi ne marigayin. Da dariya ta lafa ya juya gare ta.

"Ke yarinya, in da sauran magana irin ta kitson nan, faɗa mini yanzu ina ji. Kada ki jira sai na zama hoto."

"Akwai da yawa, Kawu."

Ta sunkuya ta taɓa ƙafafunsa, ya dafa kanta ya daɗe bai ɗaga hannu ba. A hanyar gida ya tsaya ya sayi jalebi a kan idona, ya ce mamaci ba ruwansa da likita. Na ƙyale shi ya ci.