Ranar da Aka Auna Jinin Rogo

Alhaji Hammadi ya daina shan maganin hawan jini tun ranar da ya ɗaura agogon. Bai gaya wa kowa ba. Khairat ce ta gane, don ita ke goge saman firij duk safiya, kuma mako biyu ke nan katin maganin yana nan da ƙwaya tara, bai ragu ba.

Ita ce 'yarsa ta uku, haifaffiyar birnin Libreville, inda suke zaune. Ta gama jami'a, aiki bai samu ba, sai ta dawo shagon atamfarsa a kasuwar Mont-Bouët, tana yanka yadi tana amsa wa matan gari da Faransanci. Ba ta da yawan magana. Ko a aji, in ta san amsa, sai ta bari wani ya faɗa ba daidai ba, ita kuma ta rubuta daidai a littafinta.

Agogon daga hannun Zakiru ya fito, mai teburin waya a bakin layinsu. Tun da naira ta faɗi warwas a shekarar nan Zakiru ya ga ƙofa ta buɗe: kuɗin sefa kaɗan yake turawa Kano a ciko masa kwali. A cikin wani kwalin aka zo da agogunan, baƙaƙe, masu ɗan koren haske a bayansu. In ji Zakiru, suna ƙirga taku, suna auna bugun zuciya, suna auna hawan jini, sabon samfurin da ke hanya ma har sukari zai auna.

Ba a teburinsa ya yi tallar ba, a Majalisa ya yi. Majalisa zauren WhatsApp ne, mutum sittin da huɗu, yawancinsu 'yan kasuwar nan. Don sanar da rasuwa da suna aka buɗe shi, amma cikin shekara ɗaya ya zama asibiti, ya zama kotu, ya zama ofishin jakadanci. Ba mai rubutu. Murya ake turawa, minti huɗu, minti bakwai, kowace ta fara da sallama da gyaran murya. A nan aka tabbatar cewa cajin waya a ƙarƙashin matashi yana shanye ƙwaƙwalwa. A nan Ismaïl, mai gidan wasan PlayStation a unguwar London, magidanci ɗan shekara talatin da takwas, ya yi bayanin cewa awa uku na ƙwallon allo daidai yake da gudun kilomita biyar, tunda zuciya ba ta san bambanci ba. Mutum goma sha ɗaya suka ɗaga masa babban yatsa.

Duk wannan a kunnen Khairat, don Baba ba ya sa abin kunne. Ƙure murya yake yi ya jingina wayar da almakashi.

A watan Yuni wani likita a unguwar Plaine Orety ya auna shi ya ce sha takwas da goma, ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ba ranar dainawa. Agogon kuwa ya ce 120 da 80, wato sha biyu da takwas a lissafin nan, jinin saurayi. Alhaji ya ɗauki hoton hannunsa ya tura Majalisa. Kafin a kira azahar amsar Zakiru ta iso.

"Alhaji, ka gani da idonka. Likitocin nan da masu farmasi, 'yan sayar da magani, bakinsu ɗaya. Mutum ya shiga ya ga farar riga, ba dole jininsa ya hau ba? Wannan kuwa a jikinka yake kwana. Ya fi likita saninka."

Sau ɗaya Khairat ta gwada. Wata safiya ta kawo masa shayi, ta ajiye katin maganin kusa da kofin.

"Baba, maganin."

"Na warke." Ya miƙo mata hannu. "Karanta, ke da kika yi jami'a."

"Da mun koma an sake aunawa."

"Da wannan binciken takardu a kowane shatale? A sauke ni daga taksi, a shanya ni a rana, don in je wani yaro ya matse mini dantse?"

Katin izinin zamansa a ƙasar yana aiki, ita ce ma ta bi layin sabunta shi. Amma ta san gaskiyarsa: ana gab da zaɓe, mai hula da doguwar riga ko takardunsa sun cika sai ya yi tsayuwar awa guda. Ta ɗauke katin maganin ta mayar saman firij.

Shi kuwa ya fara dafe ƙeya. Ya ce matashinsa ne ya tsufa. Wata rana yana auna wa wata mata yadi shida ya tsaya cak, yana ƙifta ido, ya ce a rage hasken fitila, alhali ba a kunna ta ba.

A makon nan ne Khairat ta ga abin. Baba ya cire agogon zai yi alwala, ya ajiye shi a kan bandir ɗin atamfa. Koren hasken ya ci gaba da ƙyaftawa. Can sai fuskar agogon ta kawo lamba: 118 da 79. Ta duba hagu, ta duba dama. Ba hannun kowa a wurin, sai atamfa mai zanen tsuntsaye. Ta buɗe baki, ta ji tafiyarsa, ta rufe. Kwana huɗu tana yawo da maganar a ciki, tana shirya yadda za ta faɗa, kullum sai ta ji amsarsa tun kafin ta fara: ke da Zakiru, wa ya san waya?

Ranar zaɓe aka yanke intanet a ƙasar baki ɗaya, aka sa dokar hana fita da yamma. Majalisa ta yi tsit. Kwana biyu 'yan Majalisa suna yawo a kasuwa da wayoyi a hannu suna ɗaga su sama, kowa da ra'ayi cike da baki ba inda zai zuba. A rana ta uku suka gano cewa benci biyu na ƙofar shagon Alhaji Hammadi za su iya ɗaukar mutum takwas.

Ashe a fili ma haka suke. Ba mai sauraron wani, kowa jira yake a gama ya saki tasa. Ismaïl har wayarsa yake karawa a baki in zai yi magana, don sabo. Ya ce shi ya san yadda aka kashe rezon, wato intanet ɗin, maɓalli ɗaya ne, ja, ya taɓa ganin irinsa a wani wasan yaƙi. Hamadou direban taksi, dattijon da ba ya tura komai a Majalisa sai "amin", yana gefe yana ɓare gyaɗa.

Da hira ta yi sanyi, Zakiru ya ce a auna kowa. Agogon Alhaji ya zaga benci. Ismaïl sha biyu da takwas. Mai shagon takalma, wanda ba ya hawa matakala uku bai huta ba, sha biyu da takwas. Aka yi ta hamdala.

"Kun gani?" in ji Zakiru. "Jama'armu lafiyayyu ne. Abincinmu ne. Madmazel jami'a, ke ba za ki gwada ba? Ko a makarantarku ba a zo nan ba tukuna?"

Aka yi dariya. Khairat ta sunkuyar da kai. A gabanta, bayan teburin shago, abincin ranarta ne da ba ta taɓa ba: soyayyen kifi da baton ɗaya, kirɓaɓɓen rogon nan da ake naɗewa a ganye a ɗaure da zare, kaurinsa kamar tsintsiyar hannun mutum.

Aka kira la'asar. Alhaji ya miƙe, sai da ya dafa ƙofa kafin ƙafarsa ta tsaya daidai. Ba wanda ya lura sai ita. Ya cire agogon ya miƙa mata, ya ɗauki buta ya zaga baya.

Khairat ta ɗaura wa rogon agogo. Ta ja maɗaurin har rami na uku, kamar yadda Baba ke yi. Ta fito da shi a faranti ta ajiye a kan teburin shago, gaban benci, ta danna. 

Koren haske ya yi ta ƙyaftawa a jikin ganye. Kawuna takwas suka sunkuyo.

Hamadou ne ya karanta, a hankali. "Ɗari da sha tara, da tamanin. Zuciya saba'in da biyu." Ya jefa gyaɗa a baki. "Masha Allah. Ya fi ni lafiya."

"Ganyen ɗanye ne," in ji Zakiru da sauri. "Abu mai rai ne ai. Duk mai rai yana da jini, ko ba ja ba."

"A'a, rashin rezo ne," in ji Ismaïl. "Na'ura in ba ta sabunta kanta ba, sai ta riƙa maimaita tsohon sakamako. Haka wasan FIFA yake mini."

Hamadou ya kwance agogon, ya miƙa hannu ya ɗauki sandar awon yadi, ya naɗa mata shi. Sanda ta samu sha biyu da takwas.

"Ita ma ɗanya ce, Zakiru? Shekara ashirin tana shagon nan."

A haka Alhaji ya same su, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi sandar, ya dubi rogon, ya dubi 'yarsa. Ba wanda ya yi dariya yanzu.

"Wa ya fara?"

"Ni ce, Baba."

"A gaban mutane."

 Ya wuce masallaci bai karɓi agogon ba, sauran suka bi shi, Zakiru a ƙarshe yana cewa kwalin nan daman tun zuwansa bai yarda da shi ba.

Ƙarfe biyar suka rufe shago saboda dokar. Baba yana gaba, tana baya da taku uku, bai juyo ba ko sau ɗaya. Ta riga ta sallama cewa ta jawo wa kanta fushin mako guda a banza. Sai a bakin shatale, wurin da suke tsayar da taksi, ta ga ya wuce. Ya tsaya a ƙofar farmasi mai koren gicciye, yana kallon titi kamar wani yake jira.

"Shiga ki tambaye su ko suna aunawa," ya ce, bai dube ta ba.

Matar farmasin ta matse masa dantse, ta duba, ta sake matsewa. Sha tara da sha ɗaya. Ta cire gilashinta ta yi magana mai tsawo da Faransanci, tana nuna shi da biro.

"Me ta ce?"

Matar ta ce abubuwa da yawa, har da tambayar ko yana da wanda zai riƙa juya shi a gado in rabin jikinsa ya mutu. Khairat ta saba rage wa irin wannan magana kaifi kafin ta kai kunnen Baba. Yau ba ta rage ba. Ta faɗa masa duka, da Hausa, har zancen gadon. Ta ƙara da cewa gobe da safe likita, ko shinge nawa ne a hanya.

Da safe suka je. An sauke su daga taksi sau biyu, ya tsaya a rana da katinsa a hannu. A ranar kuma rezo ya dawo. Suna shiga gida wayarsa ta hau kuka, saƙo ɗari da wani abu. Ya zauna, ya jingina ta da kofin ruwa, ya danna na ƙarshe. Muryar Zakiru ce, minti shida.

"Assalamu alaikum jama'ar Majalisa. Wani abin mamaki ya faru a shagon Alhaji Hammadi, a gaban shaidu. An auna baton, an samu jininsa daidai. To ku yi tunani. Me ya sa 'yan ƙasar nan da suke cinsa safe da yamma..."

Khairat tana tsaye da sabon katin magani. Baba ya saurara har minti na biyu, a ƙarƙashin saƙon kuwa Ismaïl ya riga ya ɗaga babban yatsa. Sannan ya miƙo tafin hannu. Ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta sa masa. Ya haɗiye, ya kora da ruwa, wayar ta zame ta kife a kan tebur, Zakiru yana ci gaba da bayani a ƙarƙashinta.

"Gobe ki ajiye shi kusa da shayin," ya ce. "Kuma ba a gaban mutane ba."